Wa Zai Riƙe Hannun Yaro?

Duk wanda ya tashi a tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina, tun zauruka suna wuni a buɗe, dattawa suna shan hantsi a kan dakali, ba zai rasa tuna wata ƙara da ke ratsa lungu ba, wato ƙarar almakashin mai yankan farce, wanda ba ya buɗe baki ya yi talla yadda mai goro ko mai manja ke yi, sai dai ya riƙa kaɗa almakashinsa yana tafe, ƙyas-ƙyas-ƙyas, da 'yar kwalbar ruwan sabulu da guntun soso a ɗaya hannun, wanda duk ya dubi yatsunsa ya ga sun isa kuwa, ɗaga hannu kaɗai ya ishe shi kira. Har yau ba a rasa masu wannan sana'a a tashoshin mota da bakin kasuwa, galibinsu samari 'yan ci-rani, amma a cikin unguwa ƙarar ta ɗauke, ta kuma ɗauke ne sannu a hankali, har ba mai iya cewa ga shekarar da ya ji ta ƙarshe. Abin da ya kore ta bai kai tsawon yatsa ba, shi ne ɗan ƙarfen nan mai baki biyu, nelkota, wanda kowane mai tireda ke sayarwa, wasu ma suna rataye shi tare da makullan gida.

Ga baligi wannan sauyi bai zo da wata mas'ala ba, don kuwa wanda a da yake miƙa hannunsa ga wani, yau shi ke yi wa kansa, ya ma huta da biyan kwabo. Inda al'amarin ya bar baya da ƙura shi ne cikin gida, wajen yaron da aka yaye ko ake shirin yayewa, ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa uku, wanda bai iya yanke wa kansa ba, ba ya kuma yarda a yanke masa. Da zarar ya hangi ƙarfen sai ya dunƙule hannu ya cusa a hammata. In an ɓamɓare yatsa ɗaya, sauran huɗu su ƙara damƙewa. In an rinjayi hannu, ƙafafu su shiga yaƙin. Ya banƙare, ya sulale daga cinya, ya tsandara irin ihun da kan sa maƙwabta su aiko a ji ko lafiya. Uwar da ta yi karatu mai zurfi, da uban da ma'aikata ke rawar jiki in ya yi gyaran murya a ofis, sai ka ga sun taru a kan yatsu goma waɗanda duka-dukansu ba su cika tafin hannun ɗayansu ba, su tashi jiƙe da gumi, an yanke uku, sauran sai wani jiƙon.

In za a yi wa yaron adalci, yana da hujjarsa. Gaskiya ne farce kansa ba ya jin zafi, amma kan yatsa yana daga wuraren da suka fi ko'ina saurin ji a jikin ɗan Adam, farcen yaro kuwa siriri ne, manne da tsoka, tazarar da ke tsakanin inda ya kamata a tsaya da inda jini zai tsatso ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wanda aka taɓa kuskure masa sau ɗaya kuma ba ya mantawa. Ban da wannan, shekarun nan su ne lokacin da yaro ya fara gane cewa shi ma wani ne, yana da tasa a'a, hannu kuwa shi ne iyakar jarinsa, da shi yake ɗauka, da shi yake ci, da shi yake sanin sanyi da zafi da taushi da kaushi. To, a zo a kama wannan hannu a danne, a kawo masa ƙarfe mai ƙara, alhali ba a iya fahimtar da shi dalili ba, wane babba ne zai yarda da haka daga wanda ya ninninka shi girma? Wanzami ma ba ya son jarfa.

Barin farcen kuwa ba ya yiwuwa, ta fuskar shari'a da ta fuskar lafiya baki ɗaya. Yanke farce yana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, tare da kaciya da rage gashin baki da sauransu, hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Muslim kuma ya iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40, duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zauren malaminsa kuwa ya bi ta kan babin da ya tara waɗannan al'amura a wajejen ƙarshen littafin. Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a 1111, bai ga abin ya yi ƙanƙantar da zai tsallake shi a cikin littafinsa Ihya'u ba, har ya tsara ta yatsan da za a fara, ya zaɓi manuniyar dama saboda ita ke nuni wajen shahada. Sai dai yaro ba mukallafi ba ne, alƙalami bai hau kansa ba, saboda haka nauyin yana wuyan waliyyinsa. Kwana 40 ɗin nan kuwa iyaka ce da ta dace da manya, waɗanda farcensu ke tsiro da kimanin milimita 3 a wata, amma na yaro ya fi sauri, har yakan so a duba shi mako-mako. Abin da ke kwana a ƙarƙashinsa ma ya isa dalili. Akwai wasu ƙananan fararen tsutsotsi na ciki da ke fitowa da dare su saka ƙwai a bakin dubura, yaro ya yi susa cikin barci, ƙwan ya maƙale a farce, da safe ya koma baki, ko ya shiga kwanon da shi da 'yan'uwansa ke ci tare. Ƙazuwa da cizon sauro kuma farce ne ke mayar da su gyambo. Ba a ma zancen fuskar jinjirin da ya zo ya ƙwace masa goyo.

To, yaya mutanen da suke yi? Jinjiri dai ba a cika kai masa ƙarfe ba, uwa ce ke bin farcen da haƙori yana shan nono, ko bayan wanka, lokacin da ruwan ɗumi ya tausasa shi. Da ya yi wayo sai aikin ya bar hannun uwa, musamman in ɗan fari ne, wanda kunya ta hana uwarsa ko ambaton sunansa, balle ta zauna a tsakar gida tana lallashinsa gaban surukai, ga shi kuma yaye ma gidan kaka akan kai shi. Gidan gandu ba ya rasa tsohuwa, in ba kaka ba goggo, in ba goggo ba kishiyar uwa, wadda ta yanke farcen 'ya'ya da jikoki har hannunta ya san aikin ba sai ido ya taya shi ba. Irin wannan tsohuwa ba ta kiran yaro da sunan yankan farce. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa ko kaɗi, sai ta jawo shi da wasan jika:

"Kai maigida, zo nan in ga hannunka. Af! Da wannan farcen shahon za ka miƙo mini kuɗin cefane? To, in ba ka bari na gyara ba, na fasa auren, na koma wurin ƙaninka."

Yaron, wanda kishi ya fi tsoro ƙarfi a zuciyarsa, sai ya miƙa hannu don kada a ƙwace masa mata. Ita kuwa ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta, bayansa jingine da ƙirjinta, yadda ba zai ga bakin reza ba sai bayan hannunta, ta danne tsokar yatsa da babban yatsanta, ta fere farcen da ja ɗaya mai sauƙi, bakinta bai daina zuba ba, ba tatsuniya ba, don ba a yin ta da rana, sai dai zolaya da kirari da alkawarin ƙuli-ƙuli. Waɗanda suka zauna a irin wannan cinya sun manta rezar, abin da ya rage musu shi ne ƙanshin hayaƙi da man kaɗanya da ke jikin zanenta, da kaushin tafinta, da sanyin da kan yatsa kan ji in iska ta taɓa inda farce ya bari. In kuwa ya ƙi, ba ta ja da shi, ta san zai yi barci bayan azahar, in bai yi ba gobe ma rana ce.

Rezar nan ita ma baƙuwa ce, kafin zuwanta askar maƙeri ce ko 'yar wuƙa. Wani Ba'amurke mai suna King Gillette ne ya fara sayar da siririyar reza mai baki biyu a 1903, don aske gemu, ita ce ta biyo kantunan Turawa da kayan 'yan koli har ta iso adudun tsofaffi, inda ake karya ta biyu, a mayar da ita cikin takardarta, a ɓoye ta daga yara. Ita ke yanke farce, ita ke yanke zare, a wasu gidajen ita ke yanke cibiya. Tana da dokokinta. Ba a yankan farce da dare, wai yana jawo tsiya, malamai kuwa sun sha faɗa cewa babu nassi a kan haka, camfi ne. Amma wanda ya taɓa zama a hasken aci-balbal ya san abin da reza za ta yi wa yatsan yaro a irin wannan haske, mai yiwuwa tsofaffi sun ga tsorata mutum da talauci ya fi yi masa dogon bayani saurin shiga kunne. Ba a kuma barin yankakken farce a warwatse. Tsohuwa takan tara shi a gefen zanenta ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ta tona 'yar ƙasa a gindin danga ta binne, in an tambaye ta dalili ta ce kada maƙiyi ya tsinta ya kai wa boka, in an tambayi malamin unguwa shi kuma ya ce malamai da dama sun so a binne abin da ya rabu da jikin ɗan Adam saboda karamcin da Allah Ya yi masa. Dalili biyu ke nan, ɗaya na tsoro ɗaya na girmamawa, suka haɗu a rami guda ba tare da sun taɓa yin gardama ba.

Amma wanda zai ce duk gidajen da haka suke, bai faɗi gaskiya ba. Ba kowane yaro ke da kaka mai wasa ba, hannun da ya saba yi wa yaro ɗure kuwa, a toshe masa hanci a ɗura masa kunu yana shure-shure, ba zai tsaya neman yardarsa a kan farce ba: a matse shi tsakanin gwiwoyi, yayarsa ta riƙe ƙafa, a gama abin da za a yi, in jini ya fito a barbaɗa toka, kukansa kuwa ba a lissafa shi cikin hasara. In ya yi taurin kai a ce ga dodo nan, ko a ce za a kira wanzami, wannan ta biyu kuwa ba barazanar wofi ba ce, domin mai zabirar nan shi ya cire masa hakin wuya tun yana ɗan kwanaki, shi ya yi masa tsaga, shi ne kuma zai dawo ranar kaciya. Yaron da ya taso a haka yakan miƙa hannu, ba shakka, sai dai miƙawar wanda ya san ƙin ba shi da amfani.

Akwai kuma illar da ba tsohuwa ba, ba malami ba, ba wanda ya hango ta. Reza ɗaya takan bi yatsun yaran gida kaf, almakashi ɗaya ya bi unguwa guda, ruwan sabulun da ke cikin kwalba kuwa ba ya kashe abin da ke cikin jini. Sai da aka ba da rahoton ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, gidajen rediyo suka shiga shela cewa kowa ya je aski da abinsa, sannan jama'a suka fara duban ƙarfen haɗaka da wani ido. Alhali ciwon hanta nau'in B ya riga ƙanjamau zama a cikinmu, ya kuma fi shi saurin kamu, ƙwayarsa tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba, jinjirin da ya kamu da shi kuma kusan tara cikin goma sukan rayu da shi har abada, alhali a cikin manya ko ɗaya cikin ashirin ba su kai ba. Babbar hanyarsa daga uwa ce wajen haihuwa da kuma cuɗanyar yara, amma duk ƙarfen da ya ɗanɗani jinin wani ƙofa ce, allurar rigakafinsa kuwa sai a 2004 ta shiga jerin waɗanda ake yi wa jarirai a ƙasar nan. A nan ba ni da wani kokwanto: duk daɗin zolayar kaka bai kai a saye shi da hantar jika ba.

Makarantar boko ma ta sa nata hannun, musamman bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, inda safiyar Litinin akan jera yara a fili, hannuwa a miƙe, malami na bi da rula yana duba farce. Sakamakon haka yara da yawa suka ƙware wajen gatsar farce da haƙori a kan hanya, ko goga shi a jikin siminti kafin a kaɗa ƙararrawa.

Yau gidan ya tsuke. Ɗaki biyu ne da falo a Abuja ko Kaduna ko sababbin unguwannin bayan gari, mata da miji da 'ya'yansu, kaka tana can gida. Uwa ta daina kunyar ɗan fari, tana kiran sunansa gatsal, uban da a da ba a ganinsa da yaro a cinya in ba a zaure ba yanzu shi ke riƙe hannun, ni kuwa ina lissafa waɗannan biyu cikin riba, ko da tsofaffi za su taɓe baki. Likitoci sun hana haƙori, saboda bakin babba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, yana kuma yage farce har cikin tsoka. An kawo nelkota na yara, da almakashi mai dunƙulallen baki, da magogi. Kayan aiki sun yawaita, masu aikin ne suka ragu. Tsohuwar nan ta koyi sana'arta a kan yaran da ba ta san adadinsu ba, tana kallon wadda ta fi ta. Uwar yau kuwa a kan ɗanta na fari take koyo, ba mai nuna mata, galibi da dare, bayan ta dawo daga aiki ta gama girki, gobe kuma da asuba za ta kai shi gidan reno inda za a yi mata ƙorafin ya yakushi ɗan wani. Kafin a ce 'yan zamani ba su da haƙuri, ya kamata a tuna cewa haƙurin tsohuwa ba duka hali ba ne, rabinsa wadatar lokaci ce.

Daga nan waya ta samu shiga. A kunna masa katun, idonsa ya kafe, hannunsa ya saki, a gama yatsu goma kafin ya ankara. Ban ga bakin zargin uwar da ta yi haka ba, don kuwa tsofaffi ma da suke jiran yaro ya yi barci ai fakon idonsa suke yi. Bambancin dai shi ne barci ba ya zama sharaɗi, ba yaron da ke cewa sai an ba shi barci kafin ya ci tuwo, amma wayar da aka bayar yau saboda farce, gobe sai an ba da ita saboda abinci, jibi saboda wanka, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban irin wannan kallo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wannan ba ne. Yaron da kaka ta zolaya, shi ya miƙa hannunsa da kansa, yana sane, gabansa yana faɗuwa, ya kuma ga an mayar masa da hannun lafiya, wannan kuwa yana daga farkon abin da mutum ke koya game da amana, cewa akwai wanda za ka ba abin da kake tsoron rasawa ya riƙe maka bai cuce ka ba. Wanda aka danne bai koyi wannan ba, wanda aka yanke wa yana kallon waya shi ma bai koya ba, domin bai miƙa komai ba, ɗauka aka yi bai sani ba, shi ya sa mako mai zuwa za a tarar da shi inda aka bar shi.

Dabarun tsohuwar kuwa ba a binne su tare da ita ba, mafi yawansu ba sa bukatar gidan gandu. A bari sai bayan wanka, a jingina bayansa da ƙirji, a danne tsokar yatsa, a bi lanƙwasar farcen hannu, na ƙafa kuwa a yanke shi a miƙe don kada gefensa ya tsiro cikin nama. Ya ga ubansa yana yanke nasa ranar Juma'a kafin tafiya masallaci, har ya yi kwaɗayin a yi masa irin na manya. A bar shi ya zaɓi yatsan da za a fara, in an samu biyu yau a gode wa Allah, uku gobe, tun da ba wani malami da ya wajabta a gama goma a zama ɗaya, tartibin Gazali kuwa zai iya jira har yaron ya isa karanta Ihya'u da kansa.

Binnewa ce dai ta tafi ba wanda ya yi mata sallama. Nelkota ba ya tara farce, cilli yake yi da shi, wani ƙarƙashin kujera, wani cikin kafet, tsakar gidan ma an malale ta da siminti, ba inda za a tona, sai tsintsiya ta haɗa shi da ɓawon lemo da ledar biskit. Kaka kuwa tana nan da idonta, sai dai yanzu ta cikin wayar nan da ake zargi take leƙowa, in an kira ta ranar hutu an nuna mata jika yana ɗaga mata hannu, kafin a gama gaisuwa ta riga ta hango:

"Ke 'yar nan, matso mini da shi. Maigida, haka suka bar ka? Kada wanda ya ƙara sa mini shi kuka, ku kawo shi da Sallah in gyara abina."

Surukar ta ce, "To, Hajiya, in Allah Ya yarda." Sallah kuwa saura wata huɗu.